Daga Gidan Wayar Kafanchan Zuwa Saƙon Ɓarawo

Kafin layin dogo ya iso Kafanchan wajen 1927, kuɗi a ƙasarmu ba sa tafiya sai da ƙafar mutum. Layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗe a can da na Kaduna da na Jos, sai samarin garinmu Kagoro suka fara bazama: wasu haƙar kuza a Jos, wasu aikin soja, wasu koyarwa. Duk wanda ya tafi kuwa, ana jiran abin da zai aiko gida.

A wancan lokaci hanyar aiko kuɗi biyu ce. Ko ka damƙa wa ɗan gari mai dawowa bikin Afan na 1 ga Janairu, ko ka je gidan waya ka sayi takardar kuɗi, ka sa a ambulan, ka liƙa kan sarki. Kakata ba ta yi boko ba, amma ta san hannun ɗanta. Idan wasiƙa ta zo, sai ta juya ta gaba da baya, ta dubi yadda ya ja wutsiyar harafin ƙarshe, sannan ta miƙa wa malamin makaranta. "Malam, karanta mini a hankali," take cewa, "kada ka tsallake gaisuwa." A gaisuwar nan take tabbatarwa, domin ɗanta kaɗai zai tambayi lafiyar akuyar da ta karye. Mai son cutarta sai ya san gidanmu ciki da bai, kuma in ya yi, gari duka zai san sunansa.

Wasiƙar ƙarya ta bunƙasa ne a shekarun 1980, bayan farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya. Daga Legas aka riƙa aika takardu masu tambarin gwamnati na bogi zuwa Turai da Amurka, ana yi wa masu kwaɗayi alkawarin miliyoyi in sun biya ɗan wani abu tukuna. Sashe na 419 na kundin laifuffuka ne ya ba sana'ar suna. Ɗaya daga cikin manyan damfarar ita ce ta Emmanuel Nwude, wanda tsakanin 1995 da 1998 ya raba wani bankin Brazil, Banco Noroeste, da dala miliyan 242 da sunan gina filin jirgin sama a Abuja. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, ta kai shi kotu, aka ɗaure shi a 2005. Mu a Kagoro labari ne kawai a rediyo. Wa zai ɓata kan sarki a kan manomin citta?

Wayar salula ta zo a 2001, Babban Banki ya fito da lambar BVN a 2014, amma abin da ya tura kowa ajiyar kuɗi a waya shi ne ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Na ga tsofaffi a bakin bankunan Kafanchan tun asuba, rana ta take ba su samu ko sisi ba. Cikin 'yan makonni mai kayan miya da ɗan acaɓa da dillalin citta duk suka buɗe asusu a OPay ko PalmPay ko Moniepoint. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu komai. An ba su ɗaki cike da kuɗinsu, ba a nuna musu yadda ake kulle ƙofa ba, kuma har yau wannan yana ci mini rai.

Ɓarawon yanzu ba ya yi maka alkawarin arziki, tsoro yake ba ka. Wata 'yar'uwarmu mai sayar da hatsi ta nuna mini saƙon imel da ya shigo wayarta: tambarin kamfanin da take ajiya, launinsa sak, da rubutu cewa za a rufe asusunta kafin gobe saboda BVN ɗinta bai dace da lambar NIN ba, ta latsa nan ta gyara. Ta latsa. Shafin ya buɗe kamar na gaskiya, ya nemi lambar wayarta da lambar sirri. Can sai wani mai ladabi ya kira: "Mama, yanzu za ki ga lambobi shida sun shigo, karanto mini in kammala miki." Lambobin nan su ne makullin ƙarshe. Kafin ta ajiye wayar, kuɗin buhunan masararta sun fita.

Da muka duba tare, alamun suna nan. Ba a kira sunanta ba, "abokin ciniki" kawai aka ce. Adireshin da saƙon ya fito ya ƙara harafi ɗaya a sunan kamfanin. Ga gaggawa, ga barazana. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta wannan aiki, amma kuɗin da aka rarraba zuwa asusu uku ko huɗu cikin minti kaɗan da wuya su dawo.

Babu banki ko kamfanin kuɗi na gaskiya da zai nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka, ta imel ko ta kira. In saƙo ya tayar maka da hankali, kada ka latsa komai a cikinsa. Buɗe manhajar da hannunka, ko ka hau mota zuwa Kafanchan ka tambaya baki da baki. In kuma an riga an ci ka, kira bankinka nan take a toshe asusun, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ina roƙon fastoci da limamai da shugabannin Zumuntar Mata su riƙa faɗin wannan a lokacin sanarwa, da Hausa da harshen Kagoro, domin iyayenmu da ba sa karanta takarda suna jin abin da aka faɗa musu a can.