Digirin Nazarin Kiɗa: Wa Ya Tsara Darussansa, Kuma Ina Aka Baro Kalangu?

 

Yau tarihin wani kwas za mu bi, kwas ɗin da idan yaro ya ce shi zai cike a fom ɗin JAMB, a gidaje da yawa sai an kira kawu da baffa a yi zama a kansa. Wato digirin nazarin kiɗa. Da yawanmu in mun ji sunan sai mu ɗauka ana tara ɗalibai ne su yi ta rera waƙa shekara huɗu. To bari mu fara da abin da ake nema da abin da ake koyarwa, sannan mu koma baya mu ga daga ina kowane darasi ya fito.

A Najeriya, mai son wannan digiri sai ya kawo kiredit biyar har da Turanci, ya ci JAMB, kuma sassa da yawa sukan yi masa gwaji na musamman: a saurari muryarsa ko abin da ya iya kaɗawa, a buga sauti a ga ko kunnensa na kamawa. Mai NCE ko difloma a fannin yana iya farawa daga aji biyu. Karatun shekara huɗu ne. A ciki akwai ka'idojin sauti da yadda ake rubuta kiɗa a kan layuka biyar, da horar da kunne, da yadda ake jera muryoyi da yawa su tafi tare ba karo, da fiyano wanda kusan dole ne ga kowa. Kowane ɗalibi yana zaɓar abin kiɗa ɗaya ko muryarsa ya ƙware a kai, kuma yana shiga rukunin mawaƙa ko makaɗa. Akwai tarihin kiɗan Turai zamani bayan zamani, akwai kiɗan Afirka, da ilimin kayan kiɗa, da dabarun fita bincike cikin jama'a, da fasahar ɗaukar sauti. A shekarar ƙarshe sai kundin bincike, ko gabatar da kiɗa a gaban malamai.

Wannan jerin ba rana ɗaya aka zauna aka rubuta shi ba. Kowane darasi akwai lokacin da ya shigo, akwai kuma wanda ya shigo da shi.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne ka'idar sauti, kuma asalinta lissafi ce. A jami'o'in Turai na farko, kiɗa yana cikin fannoni huɗu na lissafi, tare da ƙidaya da ilimin awo da ilimin taurari. Littafin da suke karantawa na Boethius ne, mutumin Rum na farkon ƙarni na 6. Abin da ke ciki irin su: in ka raba tsirkiya biyu daidai, sautin da za ta bayar shi ne na farkon amma a sama. Ɗalibi na iya gama littafin bai taɓa riƙe abin kiɗa ba. Malaman Musulunci ma sun yi zurfi a nan. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta Kitabul Musiƙal Kabir, ya auna tazarar sautuka ya bayyana kayan kiɗan zamaninsa. Safiyuddin al-Urmawi ya ɗora a kai a Bagadaza a ƙarni na 13.

Digirin farko mai sunan kiɗa da tarihi ya riƙe, jami'ar Kambirij ta Ingila ce ta ba wani Henry Abyngdon a 1464. Amma har cikin ƙarni na 19, digirin kiɗa a Ingila yawanci na wanda ya tsara kiɗa ya gabatar ne, ba sai ya zauna a aji ba. Darasin jera muryoyi da ɗalibai ke fama da shi yau, gadon mawaƙan coci ne na Turai.

Shekarar da ya kamata ku riƙe ita ce 1885. A shekarar ce Guido Adler, wanda daga baya ya zama farfesa a jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya, ya fitar da maƙalar da ta zana taswirar fannin. Ya raba shi gida biyu: ɓangaren tarihi, da ɓangaren da ke binciken dokokin sauti da yadda mutum ke jinsa da yadda ake koyar da shi. Ɓangaren tarihi, tarihin kiɗan Turai ne. Kiɗan sauran al'ummun duniya fa? Ya samu ɗan lungu a ƙarƙashin ɓangare na biyu, a matsayin abin kwatantawa. Ku lura da wannan lungun, don nan aka ajiye mu, mu da Sin da Indiya da Larabawa gaba ɗaya.

A wannan shekarar dai ta 1885, wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya auna sautukan kayan kiɗan al'ummomi daban-daban. Ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama gida 1,200 don awon ya yi daidai. Abin da ya gano shi ne, babu wani tsanin sauti guda da halitta ta ɗora wa kowa, kowace al'umma da nata tsarin. Ma'ana, tsanin fiyano zaɓin Turawa ne, kamar yadda mai goge yake da nasa.

Sai na'ura ta shigo. Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, kuma a 1900 aka kafa rumbun adana sautuka a Berlin, inda ake tara kiɗan duniya a kan faifan kaki mai ɗaukar 'yan mintoci. Daga wannan da'irar ce Hornbostel da Sachs suka fitar da rabe-raben kayan kiɗa a 1914, wanda har yau ake koyarwa. Gida huɗu ne: masu fata, irin kalangu da kotso da taushi, masu tsirkiya, irin goge da garaya da kuntigi, na busa, irin kakaki da algaita da sarewa, sai waɗanda jikinsu ne ke ba da sautin, irin ƙwaryar da mata ke kaɗawa a amada. Amma galibin masanan Berlin a ɗaki suke zaune, matafiya da jami'an mulkin mallaka ke kawo musu faifan. Suna auna sautin, ba su ga bikin da aka yi kiɗan ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi wa wannan salon tawaye. A 1950 Jaap Kunst ɗan ƙasar Holan ya raɗa wa fannin sabon suna mai nufin nazarin kiɗan al'ummomi. A Amurka, Mantle Hood ya ce ɗalibi sai ya koyi kaɗa abin da yake nazari a hannun masu shi, ya kuma kawo ƙwararrun makaɗa daga Asiya da Afirka su koyar a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis. Alan Merriam kuma, a littafinsa na 1964, ya ce sai an haɗa abu uku: sautin, da halayyar masu yinsa, da tunanin al'umma game da shi. Darasin fita bincike da ke cikin manhajar yau daga nan ya fito.

Yanzu mu dawo gida Afirka. Lokacin samun 'yanci ne jami'o'inmu suka karɓi fannin. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe a 1960, kuma sashenta na kiɗa, wanda ya fara a 1961, shi ne na farko a ƙasar. A Gana, Kwabena Nketia ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon, ya fitar da littafinsa kan kiɗan Afirka a 1974. Waɗannan mutane sun yi ƙoƙari sosai wajen shigar da ganga cikin aji. Sai dai ƙashin bayan manhajar na Turai ne, kuma ɗaliban da suka fi dacewa da ita su ne waɗanda suka taso suna rera waƙa a coci da makarantun mishan, sun san fiyano tun suna yara. Shi ya sa sassan kiɗan da suka fi suna suka taru a Kudu: Nsukka, Ife, Legas da sauransu.

To mu fa? Ƙasar Hausa tana da makarantarta ta kiɗa tun kafin jami'a, sunanta gado. Yaro zai fara da ɗaukar kaya, ya koma kanzagi, ya shiga 'yan amshi, shekara da shekaru kafin a bar shi ya ja waƙa. Akwai fannoni kamar na jami'a: makaɗan fada irin Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, makaɗan maza irin Ɗan Anace na 'yan dambe, makaɗan sana'a na manoma da mahauta da maƙera, makaɗan jama'a irin Mamman Shata. Jarabawar kuwa a bainar jama'a ake yinta. Amma al'umma ta sa makaɗi a sahun maroƙa, ga kuma daɗaɗɗiyar muhawarar malamai kan hukuncin kiɗa. Don haka ɗan boko bai ga abin da zai kai shi can ba.

Abin da ya faru sai ya zama an raba waƙar Hausa biyu. Kalmomin suka samu masauki a sassan harsunan Najeriya na Zariya da Kano da Sakkwato, a ƙarƙashin adabin baka. Nan aka yi aiki mai nauyi. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku kan Shata a jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai ke bi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Sautin kuwa, yawancin waɗanda suka fara bin diddiginsa baƙi ne: David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Fremont Besmer ya yi nazarin kiɗan fadar Kano da na bori.

Ga inda abin yake yi mini ciwo. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya na canza ma'ana. Mai kalangu yana matse tsirkiyoyin da ke jikin gangar a hammatarsa, fatar ta ɗaure ko ta saki, sautin ya hau ko ya sauka, har ya bi karin magana. Shi ya sa mahauci ke jin takensa ba tare da an buɗe baki ba. Ɗalibin Hausa zai rubuta kundi guda kan salon waƙar Shata, amma ba a koya masa yadda zai rubuta abin da kalangun ke faɗa a ƙarƙashin waƙar ba. Ɗalibin kiɗa kuma ya iya rubuta sauti, amma sau da yawa ba ya jin harshen, kuma layukan nan biyar an gina su ne kan tsanin fiyano, ba sa kama zamiyar goge yadda take. Kowannensu rabin abin ya riƙe.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Kaset ya adana muryarsu, amma kaset ba ya koya wa yaro yadda ake ɗaure kuntigi ko yadda ake zaɓar fatar kotso. Yaran gidajen gado da yawa sun kama wasu sana'o'in. A situdiyoyin Kano da Kaduna, kibod da kwamfuta ke fitar da yawancin kiɗan da muke ji. Ba na zagin wannan, ni ma ina saurare. Tambayata ita ce, wa zai iya bayyana wa mai haɗa kiɗan nan abin da ya gada, in babu inda ake koyar da shi a tsare?

Akwai ƙofa a buɗe. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A cikin wannan kashi 30 ana iya sa darasin rubuta kiɗan kalangu, da ilimin kayan kiɗan Hausa, da adana tsofaffin faifan gidajen rediyo. Ana iya gayyato sarkin kiɗa ya koyar a biya shi kamar kowane malami, yadda Mantle Hood ya yi tun shekara sittin da suka wuce. Ba sai an jira sabon sashe ba, sashen Hausa da na wasan kwaikwayo za su iya haɗa hannu. Kuma mai nazarin kiɗa ba dole ne ya zama mawaƙi ba. Yana iya zama ma'ajin tarihi, ko injiniyan sauti, ko malami, ko mai kare haƙƙin mallakar mawaƙa.

Tarihin nan ya nuna mana cewa duk darasin da ke cikin manhaja, wani ne ya tsaya ya ce sai an sa shi. Ɗaliban da ke saurarena, ku tambayi shugabannin sassanku me aka zuba a kashi 30 ɗin nan. Mai neman batun kundin digiri, ga shi nan a ƙofar gida: nemi tsohon makaɗin garinku, ka zauna da shi da izininsa, ka ɗauki hannunsa yana kiɗa da bakinsa yana bayani.

Ku gaya mana a ƙasa, wane makaɗin gargajiya ne ya rage a garinku, kuma akwai mai koyo a wurinsa? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.