Tarihin Talla a Ƙasar Hausa: Daga Bakin Mai Shela Zuwa Ƙirƙirarriyar Basira

Talla tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma jarinta na asali shi ne baki. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, da harshe ake jawo mai saye. Mai fura tana rera kiranta, mai magani yana yi wa saiwarsa kirari, dillali yana zuga haja har ta yi daraja, mai shela kuma yana isar da saƙon fada lungu-lungu. Kowa da azancinsa yake cin abinci.

Zuwan Turawa ya mayar da talla aikin ofis. A 1928 aka kafa West African Publicity Limited, kamfanin da ya riƙa tsara tallan kayan UAC, wanda daga baya ya zama Lintas. Galibi da Turanci ake ƙulla saƙo, sannan a fassara wa Bahaushe. Amma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta nuna wata hanya. Sunanta kaɗai talla ne: ya faɗi farashi, ya kuma yi alƙawarin cewa abin da ke ciki ya fi kuɗinsa. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, talla ta koma kunne, makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo suka sami sabuwar kasuwa.

A yau kamfanonin talla da na zane sun rungumi ƙirƙirarriyar basira, musamman bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022. Na'ura tana rubuta saƙo, ta zana hoto, ta kwaikwayi murya cikin daƙiƙoƙi, kuma da araha. Sai dai araha ba ta ado. Tallan Kirsimeti da Coca-Cola ya haɗa da wannan fasaha a 2024 ya sha suka daga masu kallo da suka ce babu rai a cikinsa.

Dalili yana cikin yadda na'urar take aiki. Tana zaɓen kalmar da ta fi yiwuwa ta biyo baya, gwargwadon rubutun da aka horar da ita da shi, alhali talla mai kama zuciya bazata take so. Ga Hausa matsalar ta ninka, domin rubutunta a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci, kuma ba a nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Gari na mazauni da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, kunne ne yake raba su, kuma a irin wannan gurbi ne gwanin talla yake wasa da harshe.

Daga 1 ga Oktoban 2022 hukumar ARCON ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan Nijeriya, domin kare abincin 'yan gida. Yanzu abokin gasar yana cikin kwamfuta. Wanda zai tsira da sana'arsa shi ne wanda ya san kirari da karin magana da habaici, ya iya gane Hausar da aka fassara daga wadda aka haifa a kasuwa. Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban Hausa, kuma farkonsa shi ne a tattara kiraye-kirayen 'yan talla a adana, tun masu yin su suna raye.