Barkonon Tsakar Gida: Daga Ƙasar Hausa Zuwa Sahafa

 Yau hirar tamu a kan ɗan ƙaramin abu ce, wanda ba ka rasa shi a ƙullin guzurinka, wato barkono.

Ka san kuwa barkono baƙo ne a wurinmu? Asalinsa nahiyar Amurka, wajajen Meziko, inda aka yi dubban shekaru ana nomansa. Sai bayan tafiyar Kolombus ta 1492 ya ƙetaro teku, jiragen Turawan Fotugal suka yaɗa shi a gaɓar Afirka da Indiya. Kafin zuwansa, kakanninmu da masoro da kimba da citta suke yaji. Da ya iso sai ya zauna daram, don ba ya neman babbar gona, kuma idan ya bushe ba shi da nauyi, ba ya saurin lalacewa. Abin da bafatake ke so ke nan.

To, me ya haɗa shi da Sudan? Hanyar Makka. Tun da daɗewa mutanenmu ke bi ta Barno, su ratsa Wadai, su shiga Darfur, su nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana yada zango a yi noma ko ƙwadago a nemi guzuri. A 1903, da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari suka ƙara kwarara. Mutanen Sudan suka haɗa su duka suka kira su Fallata.

Waɗanda suka faɗa birnin Khartum da yawansu sun zauna a Ishash Fallata, daura da unguwar Sahafa a kudancin gari, kafin hukuma ta tashe su zuwa unguwar Inƙaz a shekarun 1990. Sun je da sana'arsu. In ka taɓa kwana a Khartum ko Omdurman, ka ga masu agashe da yamma a bakin titi. Saurari sunan da kyau: a gashe! Tsirenmu ne, da ƙuliƙulinsa da yajinsa, har Larabawan ƙasar suka karɓi abin da sunansa. Su barkono shaɗɗa suke ce masa, suna kwaɓa shi da lemun tsami ko da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wadda suke kira dakwa.

Amma Khartum ba Kano ba ce. Ruwan sama kaɗan ne, zafin watan Mayu kuma yakan haura maki 40. A irin wannan zafi furen barkono zubewa yake yi, ganye shar, 'ya'ya babu. Shi ya sa mai son shuka a tsakar gida yake jiran iska ta yi sanyi, wajen Oktoba ko Nuwamba. Sai ya yafa iri a tsohuwar roba, bayan kamar mako shida ya dasa inda rana ke samu da safe, inuwar katanga ta kare da azahar. Ruwa kaɗan-kaɗan, kada ya kwanta, don saiwar ba ta son jiƙo. Taki kuwa, kai makiyayi ka fi kowa sani: kashin shanu ko na awaki da ya ruɓe, ba ɗanye ba, ɗanye ƙona shuka yake yi.

Kana iya cewa, ina amfanin wahala, ga babbar kasuwar kayan gwari nan kusa da Sahafa? Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Kasuwanni suka rufe, ruwan famfo ya yanke a unguwanni da dama, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, wasu suka tsallaka Adare zuwa Cadi, suna bin hanyar da kakanninsu suka biyo, amma ta baibai. A irin wannan rana mutum ke gane cewa kasuwa aro ce, abin da ke tsakar gidanka shi ne naka.

Don haka ga abin da za ka riƙe. In barkononka ya nuna, zaɓi jajayen da suka fi kyau, ka shanya su, ka cire irin ka ƙulle a takarda ko tsumma, ka ajiye inda babu laima. Kai kuma mai ɗaukar buhu, kada ka ɗinke shi sai ya bushe ƙayau, in ba haka ba fumfuna ta cinye maka uwar kuɗi kafin ka kai iyaka.

Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.