Bindigar Daji da Bindigar Ƙugu: Tarihin Cinikin da Ya Ƙi Faɗawa



A Amurka akwai wata tambaya da masu shagunan bindiga suka gaji da ji. Mutum zai shigo da 'yan ɗaruruwan daloli a aljihu, ba talaka tilis ba, ba kuma attajiri ba, ya ce yana son ƙaramar bindiga guda ɗaya tak, wadda zai soke a ƙugu idan zai shiga gari, kuma ya kayar da barewa da ita idan lokacin farauta ya kama. Daga nesa sai mu ɗauka maganar farashi ce kawai. Amma abin da yake nema taura biyu ce a baki ɗaya, kuma maƙera bindiga sun shafe sama da shekara 120 suna ƙoƙarin tauna masa ita. Tunda fistol ta zama 'yar gida a labaranmu na 'yan sanda da 'yan fashi, ya dace mu san inda ta fito.

Mu fara rarrabe iri biyu. Akwai libarba, mai ɗan gangan da ke juyawa, yawanci mai ramuka shida. Akwai kuma wadda muke magana a kanta, mai ɗura wa kanta harsashi. Ita wannan tana amfani ne da shurin da harbi ke haifarwa: ƙarfen samanta ya ja baya, ya tofar da kwanso, sifirin ya dawo da shi gaba, ya ɗebo sabon harsashi daga magazin da ke cikin mariƙi. Kowane jan kunama harsashi ɗaya ne, ba ta ɓarin wuta. Marubucin labarin bincike ya riƙe wannan: libarba tana riƙe kwansonta a ciki, ita kuwa wannan tana zubar da nata a ƙasa. Idan ɗan sandan labari ya tsinci kwanso uku a tsakar gida, ya riga ya san rabin abin da yake nema.

Jamusawa ne suka fara kai ta kasuwa. Hugo Borchardt ya fitar da tasa a 1893, Mauser ta biyo baya a 1896, sai Georg Luger da ya gyara ta Borchardt, ya kuma ƙirƙiro harsashi mai faɗin milimita 9 wanda har yau ya fi kowanne yaɗuwa a duniya. Amma fasalin da ya ɗore na wani Ba'amurke ne, John Moses Browning, haifaffen garin Ogden a jihar Yuta a 1855, wanda ya yi aiki da kamfanin FN na Beljiyam. Shi ya zo da ƙarfen sama mai zamewa gaba da baya. Ƙananan bindigoginsa na aljihu sun cika Turai, kuma da ɗaya daga cikinsu, samfurin 1910, Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yunin 1914. Bindigar da za ta ɓuya a tafin hannu ita ta buɗe ƙofar Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Gardamar girman harsashi kuwa daga Filifin ta taso. Bayan Amurka ta karɓe tsibiran daga hannun Sifaniya, sojojinta sun yi ta fafatawa da al'ummar Moro, Musulmin kudancin ƙasar, har zuwa 1913. Mayaƙan Moro sukan afka wa soja da takobi, kuma rahotanni suka riƙa zuwa cewa libarbar .38 da aka raba wa hafsoshi ba ta tsayar da su: a ɗirka wa mutum harsashi, ya ƙaraso ya yi sara. Saboda haka a 1904 aka tura John Thompson da wani likitan soja, Manjo Louis LaGarde, mayankar birnin Shikago. Suka riƙa harbin shanu masu rai da gawarwakin mutane da harsasai iri-iri, suna kallon abin da ke faruwa. A ma'aunin yau ba za a kira wannan kimiyya ba; shanun kaɗan ne, hukuncin kuma da ido aka yanke shi. Duk da haka shawararsu ta zauna: kada harsashi ya gaza .45, wato faɗin kusan milimita 11 da rabi.

Browning ya ƙera wa wannan harsashi bindiga, kamfanin Colt ya gabatar da ita. A gwajin ƙarshe ta harba harsashi 6,000 ba ta cije ko sau ɗaya ba. Idan ta yi zafi sai a tsoma ta a ruwa a ci gaba. A watan Maris na 1911 soja suka karɓe ta, sunanta ya zama M1911, ta kuma zauna a kuben sojan Amurka har 1985. Harsashi bakwai take ci, nauyinta ya haura kilo ɗaya tun kafin a ɗura ta. Daga nan aka gane ƙafafu uku na murhun da ake ta jujjuyawa har yau: ƙarfin harsashi, yawan harsashi, da nauyin da mutum zai iya yini da shi. Duk wadda aka ɗaga, sai wata ta duƙa. Bindigar da Browning ya rasu a 1926 bai kammala ba, wadda Dieudonné Saive ya ƙarasa aka fitar a 1935 da sunan Hi-Power, ta zaɓi yawa: harsashi 13 na milimita 9. Ɓangarorin biyu sun yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa daga masana'antar Beljiyam da suka mamaye, abokan gabarsu daga wata masana'anta a Kanada.

To, ina maganar farashi? Nan ne tarihin ya fi daɗi, domin soja ba sa tambayar kuɗi kamar yadda manomin jihar Ohayo ke tambaya. Tsohuwar hanya ita ce a ɗauki dunƙulen ƙarfe a yi ta sassaƙa shi da inji, gwani ya bi da zarto. Lokaci ne da albashi. A 1949 William Ruger da abokinsa Alexander Sturm suka daddanna falle biyu na ƙarfe, suka haɗe su da walda, suka fitar da fistol mai ƙaramin harsashin .22 a kan dala 37 da rabi. Ta yi kasuwa nan take. Ita ce bindigar zomo da kurege, bindigar koyon saiti, kuma jikokinta suna nan a shaguna. Farauta da fistol mai ɗura wa kanta, a wurin yawancin mutane, nan ta tsaya tsawon shekaru. Mai son barewa ko beyar libarba yake nema, musamman bayan fitowar .357 Magnum a 1935 da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950.

Doka ma ta sa hannu a farashi. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisar Amurka ta yi dokar da ta toshe shigo da ƙananan bindigogi masu araha daga waje, aka gindaya sharaɗin cewa sai bindiga ta dace da wasanni ko farauta. Dokar ba ta taɓa na gida ba, sai wasu ƙananan masana'antu a kudancin Kalifoniya suka cike gurbin da bindigogin gwangwani. Kasuwa ta rabu uku: na banza a ƙasa, na gwanaye a sama, tsakiya kuwa fili.

Waɗanda suka cike tsakiyar da yawansu kwaikwayo suka yi. A 1975 'yan uwa biyu, František da Josef Koucký, suka zana CZ 75 a Cekoslobakiya, bindiga mai kyau ƙwarai. Amma gwamnatin kwaminis ta rufe haƙƙin ƙirar a matsayin sirri, bai kuma samu kariya a ƙasashen waje ba, don haka Italiyawa da wasunsu suka kwafe ta a fili, ba wanda ya biya sisi. A 1980 kamfanin Taurus na Burazil ya sayi masana'antar da Beretta ta kafa a Sao Paulo, da injinanta da ma'aikatanta, ya ci gaba da fitar da irin bindigar da sabon suna a farashi mai sauƙi. Yau Turkiyya da Kuroshiya na cikin masu cin wannan kasuwa.

Sai Gaston Glock. Mutumin Ostiriya ne da ke yin sandunan labule da wuƙaƙen soja, bai taɓa ƙera bindiga ba. Abin da ya sani shi ne roba da injin zuba ta. A 1982 ya kayar da tsofaffin kamfanoni a gasar sojan ƙasarsa da bindiga mai jikin roba, mai cin harsashi 17, wadda sassanta talatin da 'yan kai ne, nauyinta kuma kusan kashi biyu cikin uku na M1911. Ba shi ya fara jikin roba ba, Heckler & Koch sun riga shi tun 1970, tasu ce ba ta karɓu ba. Jikin da ake zubawa cikin ɗan lokaci ba ya cin albashin gwani, don haka Glock ya iya karya wa rundunonin 'yan sandan Amurka farashi, har ya karɓi tsofaffin libarbobinsu a musaya. Farar hula kuwa abin da ya gani a ƙugun ɗan sanda shi yake saye. Kusan duk abin da ake kira matsakaicin farashi a yau, da Glock ake auna shi.

Ga wani abin lura ga masu alƙalami. Da bindigar ta shigo Amurka, sai jita-jita ta bazu cewa na'urar filin jirgi ba ta ganinta, har majalisa ta yi doka a 1988 kan bindigogin da ba a iya ganowa. Alhali bututunta da ƙarfen samanta duk ƙarfe ne zalla. Fim ɗin Die Hard 2 na 1990 ya ƙara gishiri, ya mayar da ita bindigar tangaran ƙirar Jamus. Ba tangaran, ba Jamus, lambar samfurin da aka ambata ma babu ita. Sama da shekara talatin ke nan masana na yi wa wannan jimla guda dariya.

Ƙoƙari mafi kusa da haɗa taurar nan biyu shi ne harsashin milimita 10, wanda ya fito a 1983 da goyon bayan Jeff Cooper, tsohon sojan ruwa kuma malamin harbi. Bindigar farko da aka yi masa, Bren Ten, kamfaninta ya durƙushe cikin 'yan shekaru. Abin da ya farfaɗo da shi musiba ce. Ranar 11 ga Afrilun 1986 jami'an FBI takwas suka tare 'yan fashin banki biyu a Mayami. An kashe jami'ai biyu, an raunata biyar. Ɗaya daga cikin ɓarayin ya sha harsashin milimita 9 tun farkon artabun, harsashin ya tsaya dab da zuciyarsa, shi kuwa ya ci gaba da harbi. Labarin Moro ya dawo ke nan bayan shekara tamanin, maganin ma iri ɗaya aka rubuta: a ƙara girma. FBI ta koma milimita 10. Sai aka tarar shurinsa ya fi ƙarfin jami'ai da yawa, aka rage albarushi. Da aka rage albarushi sai dogon kwanso ya zama ba shi da amfani, aka gajarta shi, ya zama.40 S&W a 1990. Bayan kusan shekara 25 hukumar ta sake komawa milimita 9, tana cewa ƙirar harsashi ta inganta, kuma jami'in da ya sami abin da ya auna ya fi wanda ya kuskure da babban harsashi.

Maharba ne suka tsince milimita 10 daga inda aka yar da shi. Glock 20 mai cin 15 ta zama ta masu bin barewa da aladen daji, da masu yawo a ƙasar beyar. Sojojin Danmak da ke sintiri da karnuka a ƙanƙarar Girinlan ita suke ratayawa saboda farin beyar. Sai dai bindiga ce mai kauri, kuma jihohi da dama sun ƙayyade mafi ƙarancin girman harsashi, wasu har da tsawon bututu, kafin a yarda a harbi barewa da fistol. Maharbi yana son dogon bututu da nauyin da zai shanye shuri.

Mai sokewa a ƙugu kuwa kishiyar haka yake so, kuma shi ma doka ce ta haife shi. A 1987 jihar Fulorida ta wajabta ba da lasisin ɗaukar ɓoyayyiyar bindiga ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, jihohi suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Dokar tarayya ta 1994 ta hana sababbin magazin da suka wuce harsashi goma, har zuwa 2004. Tunda goma ce iyaka, maƙera suka ce to bari mu matse bindigar daidai goman, aka sami irin su Glock 26. Dokar da aka yi don rage wuta ita ta koya wa kasuwa yin bindigar da ke ɓuya ƙarƙashin singileti. SIG P365 ta 2018 harsashi goma take ci, nauyinta kusan rabin kilo. Ba wanda zai tunkari aladen daji da ita sai mai neman ajali. Mai shagon da ke da gaskiya yakan ce wa mutuminmu na farko ya sayi biyu, ko ya zaɓi wanne ya fi yi, shiga gari ko shiga daji.

Akwai lissafin da ba a yi a kan kantar shago. A 2021 mutum 48,830 harsashi ya kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. A kisan kai da aka san irin makamin, ƙaramar bindiga ce kan gaba nesa ba kusa ba, ba manyan bindigogin da ake yawan nunawa a labarai ba. A ganinmu wannan ba ya rabuwa da nasarar maƙeran: abin da ya yi sauƙin saye, ya yi sauƙin ɗauka, yana kusa da hannu a ranar fushi da daren baƙin ciki. Birtaniya ta bi wata hanyar. Bayan an kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, ta haramta wa farar hula kusan duk ƙananan bindigogi a shekarar da ta biyo.

A Nijeriya tambayar mutumin Amurka ba ta ma da wurin zama. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda lasisinsu ke hannun shugaban ƙasa. Bindigar tsuntsu mai harsashin ɓarbaɗi a hannun sufeto janar take, adaka kuwa, wadda maharbanmu ke ɗura wa albarushi ta baki, ita ke ƙasan jerin. Don haka idan alhajin cikin labari ya zaro fistol daga ƙarƙashin babbar riga a Kano, mai karatu yana bin marubuci bashin bayani: ko dai mutumin yana da takardar da kaɗan ne ke da ita, ko jami'i ne, ko kuwa ta bayan gida ta shigo, kuma akwai wanda ya sayar masa, wanda ya san sirrinsa.