Yadda Baƙin Mai Ya Fara Ba da Labarin Lafiyar Inji

Duk mai mota ya san tambayar nan guda biyu: wane baƙin mai zan zuba, kuma yaushe zan yi juye? Shekara da shekaru ana amsa su da ƙiyasi da al'ada. Makanike ya zaro sandar awo, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya dubi baƙinsa, ya yanke hukunci. Hanyar da ta kawo hujja a wannan fage ba a garejin ƙananan motoci aka haife ta ba, a layin dogo na ƙasar Amurka ta samo asali.

Kafin a kai ga gwada tsohon mai, sai da aka fara daidaita sabo. A shekarar 1911 ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ta fito da tsarin rarraba mai bisa kaurinsa, wanda shi ne tushen lambobin da muke gani a jikin galan irin su 20W-50 da 5W-30. A 1947 kuma cibiyar man fetur ta Amurka, API, ta kasa man inji gida uku bisa nauyin aikin da zai iya ɗauka. Waɗannan matakai sun bayyana halin mai lokacin da yake cikin gwangwani. Abin da ya same shi bayan ya sha zafi da ƙura cikin inji kuwa, babu mai iya faɗa da tabbaci.

A shekarun 1940 kamfanonin jiragen ƙasa na Amurka suna sauyawa daga injinan tururi zuwa na dizal. Kan jirgi na dizal kadara ce mai tsada, in ya mutu a tsakiyar hanya ya tare layi gaba ɗaya. Kamfanin Denver and Rio Grande Western, wanda jiragensa ke ratsa duwatsun jihar Kolorado, shi ne ya yi fice wajen neman mafita. A 1946 ɗakin bincikensa ya nuna cewa ana iya gano ciwon inji daga ɓurɓushin ƙarafa da ke cikin man da ya yi aiki. Dabarar ita ce a ƙona ɗigon mai da tartsatsin lantarki, sai na'ura ta karanta hasken da ya fito, domin kowane sinadari yana da nasa hasken da ba ya kama da na wani. Da haka ake sanin irin ƙarfen da ke ciki da yawansa, daga nan kuma a san ɓangaren da ke cinyewa tun kafin ya karye. Abin ya yi kama da gwajin jini a asibiti, inda likita ke ganin cuta kafin ta kwantar da mai ita.

Sojoji ba su yi jinkirin ɗauka ba. A 1955 rundunar sojin ruwan Amurka ta fara bincike don amfani da hanyar a injinan jiragen sama, inda mutuwar inji ke nufin asarar rai. Sojojin ƙasa da na sama suka biyo baya, har a tsakiyar shekarun 1970 aka haɗe ayyukansu ƙarƙashin shiri guda. 'Yan kasuwa ma sun shigo: a 1960 aka kafa kamfanin Analysts Inc. don yi wa masu manyan motoci da masana'antu wannan gwaji, a 1971 kuma kamfanin Caterpillar ya buɗe shirinsa na ɗibar samfurin mai a kan kari ga masu sayen injinansa. A farkon shekarun 1970 ɗin ne Vernon Westcott ya ƙirƙiro hanyar jawo ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisu a shimfiɗa shi a kan gilashi a dube shi da madubin ƙara girma. Wannan ya toshe wani giɓi, domin na'urar haske ba ta ganin manyan gutsattsari sosai, alhali su ne alamar ɓarna mai tsanani.

Me takardar sakamako ke nunawa? Ana auna ƙarafa da kashi cikin miliyan. Baƙin ƙarfe yakan fito daga bangon silinda, alminiyam daga fistin, dalma da jan ƙarfe daga metal ɗin da kuranshaf ke juyawa a kai. Yawan silikon yakan nuna ƙura tana kutsawa ta filtar iska ko ta wata kafa. Sodiyam da fotasiyam sukan tona asirin gaskit da ya fara barin ruwan lagireto ya shiga mai. Ana duba ko fetur ya gauraya da man ya tsinka shi, ana auna kaurinsa, sannan a auna ƙarfin da ya rage masa na kashe tsamin da ƙonewar fetur ke haifarwa. Wannan awo na ƙarshe yana cikin manyan alamun da ke nuna ko man ya gaji ko da sauransa. Masana kuma sun daɗe da gane cewa gwaji ɗaya bai cika ba da labari ba. Sai an jera sakamako uku ko huɗu na inji ɗaya ake ganin inda aka dosa.

Ƙananan motoci sun makara wajen cin wannan moriya, domin kuɗin gwaji ya kusa kai na juyen kansa. A Amurka ƙa'idar juye bayan mil 3,000, wato kusan kilomita 4,800, ta kafu har ta zama kamar doka. Amma mai ya ci gaba da inganta. Man da ake haɗawa a masana'anta ya shiga kasuwa sosai, irinsa mai suna Mobil 1 ya fito a 1974, injina kuma suka ƙara tsabta wajen ƙona fetur. A 1985 aka kafa Blackstone Laboratories a birnin Fort Wayne na jihar Indiyana, wanda ya yi suna wajen karɓar samfurin mai ta gidan waya daga ɗaiɗaikun masu motoci. A 1988 kamfanin General Motors ya fara sanya wa wasu motocinsa tsarin da ke sanar da direba lokacin juye, aikin da masaniyar sinadarai Shirley Schwartz da abokin aikinta Donald Smolenski suka jagoranta. Tsarin ba ya gwada man kai tsaye, lissafi yake yi da juyawar inji da zafinsa, bisa abin da gwaje-gwajen mai suka koyar. A yau kamfanoni da dama na ba da tazarar mil 7,500 zuwa 10,000.

Darasin da wannan tarihi ya bari shi ne, babu lamba guda da ta dace da kowa. Baƙin launi kaɗai ba ya nuna mai ya mutu, domin ɗauke datti na cikin aikinsa. Haka kuma gwaji ba ya naɗa wani kamfani sarkin mai. Abin da yake nunawa shi ne ko man nan ya jure a injin nan, a irin tuƙin nan. Littattafan motoci da kansu suna rage tazarar juye ga wanda ke tuƙi cikin ƙura da zafi da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye, kuma wannan shi ne halin da motar Kano ko Maraɗi ke ciki, musamman da hunturu.

Don haka mai mota ya duba littafin motarsa, ya bi kaurin da aka rubuta da jadawalin aiki mai wahala, ya sayi mai a wurin da ya amince da shi, ya kula da filtar iska. Masu tireloli da motocin haya da manyan janareto kuwa, ya kamata su riƙa kai samfurin mai gwaji suna adana sakamakon, domin kuɗin gwaji bai kai kuɗin sauke inji ba.