Daga Kati Mai Huji Zuwa Ƙirƙirarriyar Basira: Yadda Zane da Kwamfuta Ya Samo Asali

A watan Fabrairun 1965 aka rataye wasu 'yan zane-zane a bangon wani ɗaki na babbar makarantar fasaha ta Stuttgart a Jamus. Baƙaƙen layuka ne a kan farar takarda, wasu a miƙe, wasu sun sarƙe da juna. Mai su shi ne Georg Nees, masanin lissafi da ke aiki a kamfanin Siemens, kuma wanda ya gayyato shi malamin falsafa ne, Max Bense, mutumin da ya daɗe yana da'awar cewa ana iya auna kyau da lissafi. Wannan shi ne karo na farko da aka baje zanen da kwamfuta ta tsara a matsayin aikin fasaha. Masu zane na garin sun halarta, kuma kamar yadda Frieder Nake, ɗaya daga cikin masu zane da kwamfuta na farko, ya sha ba da labari, ɗaya daga cikinsu ya tambayi Nees ko na'urarsa za ta iya zane irin na hannunsa shi mai tambayar. Nees ya ce za ta iya, muddin zai bayyana masa dalla-dalla yadda hannun nasa yake yi. Wasu suka fice a fusace.

Amsar ta yi musu zafi, amma a cikinta sana'ar gaba ɗaya take. Mai zane da kwamfuta aikinsa shi ne ya faɗi abin da yake so a fili, ƙa'ida bayan ƙa'ida, har na'urar da ba ta san komai ba ta iya bi. A wancan zamani abin wahala ne ƙwarai. Mutum zai rubuta umarninsa, a huda shi a jikin kati ko zaren takarda, ya miƙa wa masu kula da kwamfuta, ya tafi ya jira. Babu allon da zai duba. Sai sakamako ya fito a kai shi ga wata na'ura mai riƙe da alƙalami, irin su Zuse Graphomat Z64, ta riƙa jan layi a hankali. Idan akwai kuskure, sai alƙalami ya gama tafiyarsa za a gan shi.

Sanannen aikin Nees mai suna Schotter, wato tsakuwa, yana nuna yadda tunanin yake. Murabba'ai ne goma sha biyu a jere, layi ashirin da biyu daga sama zuwa ƙasa. Layin farko a daidaice yake tsaf. A kowane layi na gaba, sai na'ura ta canki lamba ta ɗan karkatar da kowane murabba'i ta kuma gusar da shi, iyakar karkatar tana ƙaruwa, har a ƙasa su watse. Nees bai zaɓi inda ko ɗaya zai faɗa ba; abin da ya zaɓa shi ne gwargwadon hargitsin da zai bari ya shigo, da kuma saurin shigowarsa. Wanda ya taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ya san irin wannan aiki: ƙirgen zare ƙayyadadde ne, fasalin yana maimaita kansa, amma gwani da ɗan koyo ba sa fitar da hula iri ɗaya, domin sanin inda za a sauya launi da inda za a tsaya yana wurin mutum.

A shekarar 1965 dai, a watan Afrilu, A. Michael Noll na cibiyar bincike ta Bell Labs ya baje nasa a New York, Nake kuma ya bi a Stuttgart a watan Nuwamba. Noll ya yi wani gwaji da har yau ake ambato. Ya sa kwamfuta ta kwaikwayi wani zanen Piet Mondrian na 1917, ya nuna wa mutum 100 kwafin biyun. Mutum 28 kaɗai suka gane wanda na'ura ta yi, 59 kuma suka ce na na'urar ya fi burge su. Zuwa 1968 harkar ta yi ƙarfin da Jasia Reichardt ta haɗa babban baje koli a Landan mai suna Cybernetic Serendipity, inda aka tara zane da kiɗa da mutum-mutumi masu motsi. Sai dai yawancin waɗannan na farko injiniyoyi ne da masana lissafi, don su ne ke da damar shiga ɗakin kwamfuta.

Wadda ta shigo daga ɓangaren zane, kuma a ganina ta fi kowa nuna daga ina basirar take tasowa, ita ce Vera Molnár. An haife ta a Budapest ta ƙasar Hangari a 1924, ta koyi zane a can, ta koma Faris a 1947. Tun kafin ta taɓa kwamfuta ta ƙirƙiro wa kanta abin da ta kira na'urar zuci: za ta kafa ƙa'idoji, sannan ta zauna da fensir ta bi su mataki-mataki kamar ita ce injin, tana sauya abu ɗaya tak a kowane zane don ta ga abin da zai faru. Dalilinta shi ne hannun da ya je makaranta yana komawa ga abin da ya saba, ita kuwa tana neman siffar da sabo ba zai taɓa kai ta gare ta ba. A 1968 ta samu shiga wata cibiyar bincike a Faris, ta koyi harshen Fortran tana da shekara arba'in da huɗu. Cikin ayyukanta akwai wanda ta gina a kan hargitsi na kashi ɗaya cikin ɗari kacal: komai a tsare, sai ɗan abu guda ya kauce, kuma wannan kaucewar ce ke sa ido ya tsaya.

Aikinta da ya fi taɓa ni shi ne wasiƙun mahaifiyarta. Tsawon shekaru uwar tana rubuto mata daga Budapest. Molnár ta lura cewa rubutun yakan fara a natse a farkon layi, ya rikice yayin da ya doshi ƙarshe, kuma da tsufa ya ci gaba rikicewar sai ta ƙaru. Bayan rasuwar uwar, wasiƙu suka yanke. Sai Molnár ta rubuta manhajar da ke jan layuka masu hawa da sauka irin na hannun mahaifiyarta, babu harafi ko ɗaya da za a karanta, sai karkatar hannun da rawarsa. Duk mai cewa zanen kwamfuta ba shi da zuciya, ya fara duba wannan aiki kafin ya yanke hukunci. Molnár ta ci gaba da aiki har aka gayyace ta babban baje kolin Venice na 2022, ta rasu a Disambar 2023 tana da shekara 99.

Harold Cohen ya bi wata hanya dabam. Shahararren mai zane ne da ya wakilci Birtaniya a Venice a 1966, sannan a 1968 ya tafi koyarwa a Jami'ar California da ke San Diego, inda ya koyi rubuta manhaja. Tambayar da ta dame shi ita ce: mene ne mafi ƙarancin abin da layuka ke buƙata kafin mutum ya kalle su ya ce hoto ne? Ya nemi amsa a zanen yara ƙanana da kuma zanen da mutanen dā suka sassaƙa a jikin duwatsun California. Daga nan ya fara gina manhajar AARON a farkon shekarun 1970, kuma bai daina gyara ta ba har ya rasu a 2016. Ba a taɓa ɗura wa AARON hotunan wasu ba. Cohen ne ya zauna ya koya mata bambancin siffa rufaffiya da buɗaɗɗiya, daga baya ya koya mata gaɓoɓin jikin mutum da yadda tsiro ke yin reshe. Da farko wani ɗan injin mai taya ne ke yawo a kan takarda yana zane, Cohen ya bi da hannu ya sa launi. Launi ya ba shi wuya shekaru da yawa, don na'urar ba ta da ido; sai da ya sake tunanin yadda shi kansa yake zaɓen launi kafin ya iya mayar da shi ƙa'ida. Fiye da shekara arba'in mutum ɗaya yana tono abin da ya sani game da zane, yana rubuta shi layi-layi.

A gefe guda kuma akwai waɗanda suka shigo ta ƙofar talabijin da sauti. Nam June Paik, ɗan Koriya da ya karanci kiɗa, ya baje akwatunan talabijin da ya birkita cikinsu a Wuppertal a 1963, daga baya ya ɗora maganaɗisu a kan akwati har hoton ya lanƙwashe. Ayyukan da ake shiga cikinsu a yau, ɗaki cike da haske da sauti da hoto mai motsi irin na ƙungiyar teamLab ta Japan, jikokin wannan gwaji ne.

Shekarun 1980 sun kawo kwamfuta gida. Macintosh ta fito a 1984 da manhajar MacPaint, Photoshop ta biyo a 1990, zane da kwamfuta ya zama sana'ar masu talla da mujallu da fim. An samu sauƙi, amma mai zane ya koma aiki da kayan da kamfani ya yanka masa. Wannan ne ya sa Casey Reas da Ben Fry, ɗaliban John Maeda a jami'ar MIT, suka fitar da Processing a 2001: harshen manhaja kyauta da aka tsara domin masu zane, inda layi kaɗan na umarni ke fitar da siffa a allo nan take. Lauren McCarthy ta jagoranci p5.js, wadda ta kai wannan cikin intanet. Hanyar Nees da Molnár ta dawo da ƙarfi. A 2021 Tyler Hobbs ya saki Fidenza, manhaja ɗaya da ta fitar da zane 999, kuma bai ga ko ɗaya ba sai da aka saya aka fitar. Dole ƙa'idar ta yi kyau ta yadda duk abin da ta haifa zai iya tsayawa da ƙafarsa.

Da ƙirƙirarriyar basira ta iso, aikin ya sauya fuska. Maimakon a rubuta ƙa'ida, sai a tara dubban misalai a bar na'ura ta tsamo ƙa'idar da kanta. Don haka zaɓen misalan ya zama rabin aikin. Anna Ridler ta Birtaniya ta ɗauki hoton furen tulif 10,000 da kanta, ta rubuta wa kowanne bayani da hannu, kafin ta horar da na'ura, kuma ta baje tarin hotunan a matsayin aiki mai zaman kansa don mai kallo ya ga guminsa. Sougwen Chung tana zane a takarda ɗaya da hannun inji wanda ta horar da zane-zanenta na shekara ashirin. Refik Anadol, haifaffen Istanbul a 1985, ya yi Melting Memories a 2018 bayan cutar mantuwa ta kama kawunsa. Ya ɗauki bayanan motsin ƙwaƙwalwa lokacin da mutane ke tuna abu, ya mayar da su siffofi masu narkewa a babban allo. A 2022 gidan zane na MoMA a New York ya kafa aikinsa Unsupervised, wanda aka horar da bayanan ayyuka fiye da 138,000 na gidan. Masu sharhi sun rabu a kansa, kuma ni ma ina ganin aikin da ya yi saboda kawun nasa ya fi shi nauyi, don akwai ciwon da ya haife shi.

Kuɗi ma sun shigo, da hayaniyarsu. A Maris 2021 aka yi gwanjon aikin Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple, a Christie's kan dala miliyan 69. Mutane sun riƙe adadin, suka manta cewa tun 1 ga Mayun 2007 yake fitar da hoto ɗaya kowace rana, kuma hotunan kwana 5,000 ne aka haɗa. A Oktoban 2021, Christie's ta sayar da ayyukan Osinachi, ɗan Najeriya haifaffen Aba. Da Microsoft Word yake zanensa, manhajar da kowane mai shagon buga takardu ke amfani da ita wajen rubuta wasiƙa. Tun yana yaro ya fara wasa da 'yan siffofin da ke cikinta, ya daɗe a kai har ya iya fitar da mutane da tufafi da ruwa. Kasuwar irin waɗannan ayyuka ta faɗi daga baya, amma waɗanda dama aiki ya kawo su suna nan suna yi.

Rigimar da ake ciki yanzu ta taso ne daga 2022, lokacin da Midjourney da Stable Diffusion da DALL-E 2 suka ba kowa damar rubuta jimla ya samu hoto. An horar da irin waɗannan manhajoji da ɗimbin hotunan da aka kwaso daga intanet, kuma a Janairun 2023 masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai ƙarar wasu kamfanonin a Amurka kan amfani da ayyukansu ba da izini ba. Ina tare da su a kan wannan. Cohen da Ridler da Chung sun ciyar da na'ura da guminsu, don haka abin da ta fitar nasu ne. Wanda ya kwashi aikin dubban mutane bai tambaye su ba, akwai haƙƙi a wuyansa, komai kyawun hoton.

Ga matasanmu masu haɗa fosta da katin biki da hotunan fim a Kano da Kaduna da Zinder, ina roƙon ku kada ku tsaya ga danna maɓallin da wani ya shirya. Processing da p5.js kyauta ne, kuma p5.js tana aiki a cikin burauza ba tare da an sauke komai ba. Ku ɗauki hotunan zayyanar gine-ginen unguwanninku da ɗinkin rigunan iyayenku da kanku, ku nemi izinin masu su, ku rubuta sunayensu, sannan ku zauna ku koyi ƙa'idar da ke cikin aikin.