Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Labarin Taskar XZ

Kowace manhaja tana fara rayuwarta ne a matsayin rubutu, wanda ɗan Adam ke iya karantawa amma kwamfuta ba ta aiki da shi sai an juya shi zuwa harshenta. Kafin ya isa hannun mai amfani, sai an harhaɗa shi, an gwada shi, sannan an ƙunshe shi. A 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙiro make a cibiyar binciken Bell da ke Amurka, domin na'ura ta riƙa tuna abin da za a fara ginawa da abin da zai biyo baya. A 1991 kuma David MacKenzie ya fara Autoconf, wadda ke rubuta dogon umarnin da zai binciki kowace kwamfuta kafin a soma gini. Umarnin yakan kai dubban layuka, kuma da yake na'ura ce ta rubuta shi, da wuya a sami mai zama ya karanta. Daga nan wata al'ada ta kafu: ƙunshin da ake rabawa jama'a yakan ɗauki fayilolin da babu su a rumbun asalin rubutun, ba kuma a ganin haka a matsayin aibu.

Ta wannan kafa aka shiga XZ, taskar matse bayanai da kusan kowane tsarin Linux ke dogaro da ita. Shekara da shekaru Lasse Collin, mutumin Finlan, shi ke riƙe da ita a lokacinsa na hutu, ba albashi. A wajajen 2022 wani mai kiran kansa Jia Tan ya soma kawo gyare-gyare masu kyau, a daidai lokacin da wasu baƙin sunaye suka taso Collin a gaba da ƙorafin cewa aiki ya tsaya, ya kamata ya nemi mataimaki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sannu a hankali Jia Tan ya sami ikon fitar da sabon zubi da hannunsa.

A Fabrairun 2024 ya fitar da zubi na 5.6.0, a Maris kuma na 5.6.1. Dabarar da ke cikinsu ta nuna mai ita ya san sana'ar ciki da bai. Taskar matse bayanai tana bukatar lalatattun fayiloli domin a gwada ko za ta ƙi su, kuma babu mai tsammanin fahimtar abin da ke cikin fayil da aka lalata da gangan. A cikin irin waɗannan ya binne mugun kayansa. Mabuɗin tono su kuwa yana cikin wani ɗan fayil na gini mai suna build-to-host.m4, wanda aka sa gurɓataccensa a ƙunshin rabawa kaɗai. Mai duba rumbun ba zai ga mabuɗin ba. Ko a lokacin gini ma, tarkon ba ya tashi sai ya tabbatar ana shirya ƙunshin Debian ne ko na dangin Red Hat a kan na'urar x86-64. Idan ya tashi, sai ya bi ta libsystemd ya kai ga sshd, mai gadin ƙofar da ake bi a shiga kwamfuta daga nesa, ya buɗe ta ga mai riƙe da wani mabuɗin sirri guda ɗaya.

A ganina, abin da ya fi tayar da hankali shi ne gwajin da aka kafa domin tsaro shi ya zama maɓoya. Ken Thompson ya riga ya yi gargaɗi tun 1984 cewa karanta rubutun manhaja bai isa ba muddin ba a amince da kayan da suka gina ta ba, amma an daɗe ana ɗaukar maganarsa kamar wasan ƙwaƙwalwa.

Asirin ya tonu ne a hannun Andres Freund, injiniyan Microsoft mai aikin PostgreSQL, wanda ba farautar ɓarayi ya fita ba. Yana auna saurin aiki a kan Debian ta gwaji sai ya lura sshd na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, kuma shiga ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya isa ga XZ, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024. A lokacin gurɓataccen zubin ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, da openSUSE Tumbleweed da Kali, amma bai kai ga tabbatattun zubin Debian da Red Hat da manyan kamfanoni ke aiki da su ba. Aka ba matsalar lamba CVE-2024-3094 da maki 10, mafi tsanani a ma'aunin. GitHub ta rufe rumbun na ɗan lokaci, masu rarraba Linux suka koma tsohon zubi, Collin kuma ya zauna ya tsefe abin da Jia Tan ya taɓa, ya fitar da 5.6.2 a watan Mayu.